Turancin Bebe Da Maganinsa

Akwai wata larura da Sinawa da kansu suka raɗa wa suna, suna ce da ita "Turancin bebe". Ma'anarta ita ce, mutum ya shafe shekara goma ko fiye yana karatun Turanci, ya haddace dubban kalmomi, ya san ƙa'idodin nahawun da Baturen da aka haifa a birnin London bai taɓa jin sunansu ba, yana iya ɗaukar jarida ya karanta ya gane, amma da zarar baƙo ya tare shi a bakin hanya ya tambaye shi ina ne tashar jirgin ƙasa, sai harshe ya sarƙe, ya yi ɗan murmushi, ya sunkuyar da kai ya wuce. Masu wannan larura kuwa yawancinsu ɗaliban jami'a ne, masu karatun injiniya da likitanci da lissafin kuɗi, waɗanda sai da suka tsallake ɗaya daga cikin jarrabawowi mafi tsanani a duniya kafin su sami gurbi.

Maganin da malamai da yawa suka koma gare shi a jami'o'in ƙasar, musamman waɗanda aka ɗauko daga waje, shi ne wasa. Na san wannan kalma za ta sa wasu daga cikin masu karatu su yamutsa fuska, domin a tarbiyyarmu wasa na dandali ne, karatu kuwa na gaban malam, ba a gama su waje guda, balle a ce a ɗakin laccar jami'a, inda samari da 'yan mata da suka mallaki hankalinsu ke zaune. Duk da haka ni ina bayan masu wasan nan, amma bisa sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ya kamata mu fara sanin inda ciwon ya samo asali. A shekarun 1950, lokacin da ƙasar Sin ke ɗasawa da Tarayyar Sobiyet, harshen Rasha ne a kan gaba a makarantunta. Sa'an nan juyin juya halin al'adu na 1966 zuwa 1976 ya zo ya hargitsa karatu baki ɗaya. Sai a 1977, bayan da Deng Xiaoping ya dawo kan muƙamansa, aka maido da jarrabawar shiga jami'a da su ke kira gaokao, aka yi ta ƙara wa Turanci nauyi a cikinta sannu a hankali, har a 1983 aka fara lissafa makinsa cif-cif. A 1982 gidan talabijin na ƙasar ya soma nuna wani shirin koyar da Turanci na BBC mai suna Follow Me, wanda miliyoyin mutane suka riƙa kallo. A 1987 aka kafa jarrabawar Turanci ta ɗaliban jami'a, watau CET, mataki na huɗu, na shida kuma ya biyo baya a 1989. A 2001 ma'aikatar ilmi ta ba da umurni a fara koyar da harshen tun daga aji uku na firamare. Ke nan yaron da ya shiga jami'a yana ɗan shekara 18 ya riga ya yi shekara goma yana fama da Turanci.

To, amma wane irin fama? A yawancin larduna Turanci na da maki 150 cikin 750 na gaokao, kuma kusan dukkansu a kan takarda a ke samunsu: karatu da fahimta, cike gurbi, saurare, da ɗan gajeren insha'i. Ita ma CET, wadda jimlar makinta 710 ne, 425 kuma shi ne layin da kowa ke hanƙoron tsallakewa, ba ta neman ɗalibi ya buɗe baki. Jarrabawar baka daban ta ke, an fara ta a 1999, kuma ba tilas ba ce. Yaro kuwa ba wawa ba ne, inda ya ga maki can ya ke zuba ƙarfinsa, malaminsa da iyayensa su ma can su ke tura shi. Wanda ya shekara goma yana noman gero ba ya mamakin rashin dawa a rumbunsa.

A shekarar 2024 na sami zarafin zuwa ƙasar cikin wani ayarin 'yan jaridun Afirka, na kuma yi amfani da kwanakin hutu na ziyarci wani ɗan'uwa ɗan ƙasarmu da ke koyar da Turancin baka a wata jami'a ta lardi, tafiyar sa'a uku daga Bejin a jirgin ƙasa mai gudun tsiya. Digirinsa na biyu da ya yi a Ingila shi ya buɗe masa ƙofar, domin ba kasafai irin wannan aiki ya kan faɗa hannun mai fasfon Nijeriya ba. Masu tallar aikin yawanci 'yan ƙasashe bakwai su ke nema, watau Birtaniya da Ailan da Amurka da Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu, sai ka ce a fasfo a ke ajiye iya koyarwa. Na zauna a bayan ajinsa kwana uku.

Abu na farko da ya nuna mini lissafi ne, ya yi shi da alli a gefen allo kafin ɗalibai su shigo. Kowane aji nasa na da mutum kamar 40, suna haɗuwa sau ɗaya a mako na minti 90, zangon karatu kuwa mako 16 ne. Ya ce, "Malam, in na bi tsohon yayi, na yi bayani rabin lokaci, sauran rabin na riƙa nuna su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, kowane ɗalibi minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi zai samu. A zango guda bai kai minti 20 yana magana ba. Wa ya taɓa koyon harshe da minti 20?" Amma idan ya raba su biyu-biyu na rabin sa'a, baki 20 ne ke motsi a lokaci guda, kowa ya sami minti 15 a zama ɗaya, watau kusan rabonsa na zango sukutum. Wannan ita ce hujja ta farko, kuma ba ta da wata alaƙa da nishaɗi. Sai dai mutum biyu da harshe ɗaya ya haɗa ba za su ɗauki harshen wasu su yi hira da shi haka kawai ba. Dole a ba su dalili, a ba su ƙa'ida, a ba su abin da za su ci ko su faɗi. Abin da ya ƙunshi waɗannan ukun kuwa, ko an so ko an ƙi, sunansa wasa.

Hujja ta biyu kunya ce. Sinawa na da kalmar mianzi, wadda asalin ma'anarta fuska, amma abin da su ke nufi da ita shi ne abin da mu ke kira mutunci. Ɗalibin da ya miƙe a gaban 'yan ajinsa ya kwaɓa Turanci, a ganinsa ya zubar da wani abu da ba ya kwasuwa, wanda kuma ya iya sosai yana tsoron a ce yana nuna kai. Saboda haka idan malami ya jefa tambaya, sai ka ga kawuna 40 sun sunkuya kamar zangarniyar da ta nuna. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Masana ma sun daɗe da lura da shi: Stephen Krashen, a littafinsa na 1982, ya kwatanta fargaba da wani matacin da ke tare harshe kafin ya shiga ƙwaƙwalwa, a 1986 kuma Elaine Horwitz da abokan aikinta a Jami'ar Texas da ke Austin suka fito da ma'auni mai tambayoyi 33 na gwada tsoron ajin harshe, suka nuna cewa tsoro ne mai zaman kansa. Abin da wasa ke yi a nan shi ne ara wa ɗalibi wata fuskar. Idan an ce masa kai ne ɗan sanda, ko kai ne mai sayar da kifi, to kuskuren da ya yi na ɗan sandan ne, dariyar da aka yi kuwa da shi aka yi ta.

An taɓa gwada wani magani na dabam. A shekarun 1990 wani mutum mai suna Li Yang ya shahara da abin da ya kira Mahaukacin Turanci, yana tara dubban jama'a a filayen wasa da harabar makarantu, yana ɗaga murya da jimla su kuma suna maimaitawa da iyakar ƙarfinsu, yana yi musu wa'azin su daina tsoron zubar da mutunci. Ya gano ciwon, ba na musun wannan. Amma ihu cikin mutum dubu biyar abu ne mai sauƙi, tun da ba wanda ke jin muryarka, ba kuma wanda zai amsa maka da abin da ba ka zata ba. Wahalar magana ai a nan ta ke, wajen amsar da ba ka shirya mata ba.

Wanda ya fi kusa da gano bakin zaren, a ganina, wani malamin Indiya ne, N. S. Prabhu, wanda ya gudanar da gwaji a makarantun Bangalore da kewaye daga 1979 zuwa 1984, ya kuma wallafa sakamakon a 1987. Ra'ayinsa shi ne a bar yi wa yara lacca a kan harshe, a ba su aikin da ba ya yiwuwa sai da harshen. Ginshiƙin irin wannan aiki shi ne giɓi: ni na san wani abu da ba ka sani ba, kai kuma kana bukatarsa. Duk wanda ya taɓa zama gaban kakarsa da dare ana kacici-kacici ya san wannan dabara, ya san yadda rashin sanin amsa ke hana yaro sakat har ya yarda ya ba da gari a faɗa masa. Tambayar da malami ke yi a aji kuwa yawanci ta bogi ce, domin ya riga ya san amsar, ɗalibin ma ya san ya sani.

Ga yadda na ga giɓin nan yana aiki. Ɗan'uwan namu ya shigo ya sanar, fuska a murtuke, cewa jiya tsakanin ƙarfe bakwai da tara na dare an sace keken shugaban sashe. Ya raba ajin takwas-takwas. A kowace ƙungiya mutum biyu su ne a ke tuhuma, aka ba su minti biyar su fita waje su ƙulla labarin inda su ke tare a wannan lokaci, sauran shidan kuma 'yan sanda ne, suka zauna suna rubuta tambayoyi. Da aka dawo, sai aka raba masu laifin, kowanne ya fuskanci 'yan sanda uku, sa'an nan aka yi musanya. Inda labarin biyun ya saɓa da juna, an kama ɓarawo. Teburan ajin a kafe su ke da ƙasa, jere-jere suna kallon allo, don haka sai na gaba su juyo su durƙusa a kan kujera, ɗakin kuwa ya kaure kamar kasuwar Kurmi.

Duba abin da ke ɓoye cikin wannan hayaniya. Aikatau a Sinanci ba ya sauya siffa don nuna jiya ko gobe, saboda haka lokacin da ya shuɗe a Turanci, wanda sun cika gurbinsa a takarda sau dubu, ya kan ɓace musu da zarar sun buɗe baki. Wasan kuwa kacokan a kan jiya ya ke: me kuka ci, wa ya biya, wace mota kuka hau. Har wa yau, a Sinancin baka kalmar "shi" da kalmar "ita" lafazinsu ɗaya ne, watau "ta", a rubuce ne kaɗai suka bambanta, abin da zai ba Bahaushe mamaki, shi da ko "kai" da "ke" ya rarrabe. Wani saurayi ya ce ya ci abinci da yayarsa, can kuma ya ce "he" ne ya biya kuɗin. Nan take wata 'yar sanda ta buga tebur ta ce ashe da namiji a wurin, don me ya ɓoye shi? Yaron ya yi ta rantsuwa yana gyarawa. Malamai sun sha ja masa layi da jan biro a kan wannan kuskure, amma ina kyautata zaton ranar ce karon farko da kuskuren ya jawo masa asara a gaban mutane. Wata masaniya a Kanada, Merrill Swain, ta yi bayanin irin wannan a 1985, bayan ta lura da yaran da suka shekara da shekaru suna karatu cikin Faransanci, suna ji kamar 'yan gida, amma maganarsu na cike da tuntuɓe. Ta ce saurare kaɗai bai isa ba, sai an matsa wa mutum ya furta ne ya ke gane inda iliminsa ya huje.

Duk tsawon wasan malamin bai katse kowa ba. Yana zagayawa da 'yar takarda yana rubuta abin da ya ji. Minti 15 na ƙarshe ya tsayar da komai, ya rubuta jimloli takwas a allo ba tare da sunan masu su ba, ajin ya taru ya gyara. A wurina wannan rubu'in sa'a shi ne ya raba malami da mai raino, kuma shi ne abin da malalacin malami ya ke fara zubarwa.

Wani wasan kuma daga ɗakin kwanan ɗaliban ya aro shi, suna kiransa "Wane ne ɗan leƙen asiri". Kowa a ba shi kati mai kalma iri ɗaya, ban da mutum guda da ta sa ta ɗan bambanta, misali kowa na da "asibiti" shi yana da "kantin magani", kuma shi kansa bai san shi ne bare ba. Kowa zai siffanta kalmarsa ba tare da ya ambace ta ba, sa'an nan a jefa ƙuri'a. Abin da a ke koyo a nan shi ne kewaye, watau yadda za ka isar da nufinka idan kalmar ta ɓace maka, wanda rashinsa ne ke sa mai Turancin bebe ya tsaya cik a tsakiyar jimla.

Ni ma ban tsira ba. A rana ta uku ya mai da ni kayan aiki, ya ce da su ga ɗan jarida daga Nijeriya, yau su ne 'yan jarida, kowace ƙungiya jarida ce, za a yi taron manema labarai na minti 20, sa'an nan kowace ta rubuta kanun labari da jimla uku. Da farko tambayoyin na ladabi ne, ko ina son abincinsu, ko na iya cin abinci da tsinke. Da na ce musu wayar da ta cika hannun mutanenmu, Tecno, ta wani kamfani ce na birnin Shenzhen, sai na ga ido ya buɗe, domin ba a kasuwarsu a ke sayar da ita ba, yawancinsu ba su taɓa jin sunanta ba. Wata yarinya da ban ji muryarta ba tun zuwana ta ɗaga hannu sau uku a jere: nawa a ke sayar da ita, me ya sa muka fi son ta, kwana nawa batirinta ke yi. Turancin a karye ya ke, amma tambayoyin na ɗan jarida ne, kowace ta fito daga cikin amsar da ta gabace ta. Jaridarsu na neman labari, ita kuma ta ji ƙanshinsa.

Yanzu ga sharaɗin. Wasanni da yawa da a ke yi da sunan koyarwa ɓata lokaci ne tsantsa. Akwai wanda a ke zana ɗigo-ɗigo a allo ana cankar haruffa, a kashe minti biyar a kan kalma guda, mutum 39 na kallo. Akwai gasar tambayoyi ta wayar hannu irin su Kahoot, wadda ke tayar da aji daga barci, amma yatsa ne ke aiki a cikinta, baki na rufe. Ma'aunin da na ga ya dace guda biyu ne: shin ana iya cin wasan ba tare da an yi magana da harshen ba, kuma baki nawa ne ke motsi a lokaci guda. Wasan da ya faɗi waɗannan biyun, a kai shi dandali. Akwai kuma tarkon da ke jiran malamin waje musamman. Ɗalibai su kan ba malamansu maki a ƙarshen zango, kuma hanya mafi sauƙi ta samun yabo ita ce ka zama ɗan kama, ka yi waƙa, ka nuna fim, kowa ya fita yana dariya hannu wofi. Gasa ma na da nata sharri, domin ɗan Shanghai da ya taso da malamin gida zai cinye filin, ɗan ƙauyen Gansu ya ƙara shigewa ƙwarya. Shi ya sa ɗan'uwan namu ya ke sauya abokan zama kowane mako, ya kuma fi son aikin da kowa ke riƙe da guntun bayanin da in bai faɗa ba ƙungiyarsa ba ta gamawa.

Akwai ƙorafin da na ɗauka da muhimmanci, kuma daga ɗaliban ya ke fitowa. Su kan tambaya ko wannan zai fito a CET. Ba raini ba ne. Ma'aikatu da yawa na duban takardar CET kafin su ɗauki mutum, jami'o'i da dama kuma sun daɗe suna ɗaura digiri a kanta, ko da ya ke a watan Satumba na 2023 Jami'ar Xi'an Jiaotong ta sanar cewa ta cire wannan sharaɗi, abin da ya ta da muhawara a ƙasar kan ko Turanci ya ci gaba da riƙe matsayinsa, ga kuma wayar da ke fassara shafi cikin ƙiftawar ido. Amma idan takarda da waya sun ɗauke nauyin karatu da fassara, abin da ya rage wa ɗan Adam shi ne daidai abin da jarrabawar ba ta gwadawa. Injiniyoyin Sin da suka yi aikin layin dogo na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, da na Ikko zuwa Ibadan a 2021, daga irin waɗannan azuzuwa suka fito, kuma a bakin aiki mai walda ko direban katafila ba ya ba ka zaɓi huɗu ka canki ɗaya. Zai faɗa maka abin da ya gani da irin nasa Turancin, cikin ƙarar inji, yana jiran amsa.

Duk da haka ɗan'uwan namu bai tsaya yi musu wa'azi ba, ya bi ta inda ya san kunnensu ya ke. Rabin makin darasinsa a kan ayyukan aji ya ɗora shi, yana riƙe da rajistar da ya ke yi wa kowa alama mako-mako. Ɗaya rabin kuwa jarrabawar baka ce, mutum biyu-biyu, minti biyar, a kan aikin da ba su taɓa gani ba: a ba ɗaya jadawalin jiragen ƙasa, a ba ɗayan jerin wuraren da zai je da kuɗin da ke aljihunsa, su tsara tafiya ba tare da sun leƙa takardar juna ba. Wanda ya zo da haddar jawabi ba ta yi masa rana. Ajujuwansa bakwai ne, ɗalibai kusan 280, watau zama 140, kuma tun da na farko su kan tsegunta wa na baya, sai ya shirya katuna kala goma sha biyu yana juya su. Makonni biyun ƙarshe na kowane zango a wannan aiki su ke tafiya, daga ƙarfe takwas na safe har a kunna fitilu.